Asibitin da mai ɗakina ke karɓar maganin homon ya shiga kotun karayar arziki: ina makomar jinyarta da kuɗinmu?

Baban Khadija, jihar Ohio

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san dokar Amurka da kuma ma'aikatan lafiya da ke cikinmu. Shekara uku ke nan da aka yi wa mai ɗakina tiyata aka cire mata mahaifa da ma'ajiyar ƙwai, al'ada ta ɗauke mata farat ɗaya tana da shekara 41, ta shiga fama da zafi mai taso mata kamar an hura wuta, da gumin dare, da rashin barci. Wata abokiyar aikinta ce ta nuna mana wani asibiti mai rassa a jihohi da dama, wanda maganin homon kaɗai ne aikinsa. Duk bayan wata huɗu sukan dasa mata wata 'yar ƙwaya a ƙarƙashin fata, kuma ta samu sauƙi ƙwarai.

Da yake ba sa karɓar inshora, na biya dala 4,200 da katin bashi a matsayin kuɗin shekara guda, saboda sun ce mai biya a dunƙule yana samun rangwame. Dashe ɗaya aka yi mata cikin ukun da muka biya. Makon jiya wasiƙa ta zo daga kotu cewa kamfanin ya shigar da kansa ƙarƙashin Babi na 11 na dokar karayar arziki ta Amurka, kuma reshen garinmu yana rufe tun ranar Litinin. Saura mako biyar lokacin dashe na biyu ya yi. Shin kuɗinmu sun tafi ke nan? Ita kuma yaya za a yi da ita?

Maman Hanif, ma'aikaciyar jinya, Maryland

Wa alaikumus salam, Baban Khadija. Allah ya ƙara wa 'yar'uwata lafiya. Ina roƙonka ka raba maganar gida biyu, ka fara da jikinta, domin shari'ar kuɗi tana iya shekara ba ta ƙare ba, ƙwayar da ke jikinta kuwa ba ta jiran alƙali.

Yau ɗin nan ta rubuta wa hedikwatar kamfanin ta nemi cikakken fayil ɗinta: sakamakon gwajin jini, da sunan abin da ake dasa mata, da yawansa, da ranar dashen ƙarshe. Dokar HIPAA, mai kare bayanan lafiyar majinyata a Amurka, ta ba ta wannan haƙƙi, kuma a bisa ƙa'ida kwana 30 ake ba asibiti ya amsa. Kada ku jinkirta, domin idan ma'aikata suka watse, samun wanda zai buɗe kwamfuta ya fitar da takarda yakan zama aiki. Sa'an nan ta nemi ganin likitan mata na asibitin da ke karɓar inshorarku, ta bayyana wa mai karɓar waya cewa magani ne zai yanke mata, ko za a matso mata da rana.

Akwai abin da ba na jin an faɗa muku a can. Ƙwayar istirojin (homon ɗin mata) da ake dasawa ba ta cikin magungunan da FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta amince da su. Kantunan magani masu haɗawa da kansu ne ke yin ta, shi ya sa inshora ba ta cika biya ba. Amma wannan sinadari ɗin yana nan cikin waɗanda hukumar ta amince da su, na mannawa a fata, da na shafawa, da na haɗiya, kuma yawancinsu ba su kai kusa da abin da ka biya ba. Idan kuma ana haɗa mata da testosteron, wato homon ɗin maza, kamar yadda irin waɗannan asibitoci suka saba, lallai sabon likita ya sani, saboda yana cikin magungunan da gwamnatin tarayya ke sa wa ido a rukuni na uku, ba kowa ne zai rubuta shi ba tare da ya sake gwada jininta ba. Ƙwayar tana narkewa a hankali ne, don haka ba rana ɗaya abin zai dawo mata ba, amma mako biyar ba wani lokaci ba ne mai yawa.

Malam Akanta, Texas

Maganar Hajiya Maman Hanif ita ce ta gaba. Ni kuma bari in taɓa ɓangaren kuɗi, da sharaɗin cewa aikin akanta nake yi, ba lauya ba ne.

Babi na 11 ba ya nufin kamfani ya mutu. A Babi na 7 ne ake naɗa wakili ya sayar da komai ya raba. A na 11 kuwa, masu kamfani sukan ci gaba da riƙe shi a ƙarƙashin idon kotu, su rufe rassan da ke jawo asara, su saki hayar gine-ginen da suka yi musu nauyi, su nemi masu bin su bashi su rage ko su tsawaita lokacin biya. Doka ta ba kamfanin kwana 120 na farko ya zama shi kaɗai ke da ikon gabatar da tsarin biya, kuma kotu tana iya ƙara masa. Ana kasa masu bin bashi rukuni-rukuni, rukuni kuma yana amincewa ne idan fiye da rabin waɗanda suka jefa ƙuri'a sun yarda, kuma bashinsu ya kai kashi biyu cikin uku na jimillar bashin masu ƙuri'ar. Sau da yawa ma ba a kaiwa nan: sai a sayar da rassan masu riba ga wani kamfani, a raba abin da aka samu.

Daga ranar da aka shigar da takarda, duk wani yunƙurin karɓar bashi daga kamfanin ya tsaya cak. Saboda haka kada ka kai su ƙaramar kotu, kada kuma ka aika musu da wasiƙar barazana. Hanyarka ita ce fom mai lamba 410, wato takardar shaidar cewa kana bin bashi. Ba a biyan ko kwabo wajen shigar da ita, amma kotu tana sa mata wa'adi, wanda ya bari ya wuce kuwa yana iya rasa komai. Ka duba wasiƙar da ta zo maka, ka haɗa da rasiɗi da kwafin yarjejeniya.

Ga inda nake so ka natsu. Masu bin bashi layi suke bi. Banki mai riƙe da jingina yana ɗaukar nasa daga abin da aka jinginar masa, sai kuɗin tafiyar da shari'ar kanta, har da ladan lauyoyi, sai albashin ma'aikata zuwa wani adadi. Can ƙarshen layi ne ake samun masu bin bashi na gama-gari, waɗanda sau da yawa abin da ke isa gare su bai taka kara ya karya ba. Kai ba a can kake ba. Sashe na 507 na dokar karayar arziki ya ba wanda ya biya kuɗi tun kafin a yi masa aiki, don amfanin kansa ko iyalinsa, matsayi na bakwai cikin masu fifiko, har zuwa dala 3,800 idan an shigar da shari'ar daga 1 ga Afrilun 2025. Ragowar kuɗinka, kimanin dala 2,800, duk sun shiga ciki. Sai dai fa akwai gurbi a fom ɗin da za ka nuna kana neman wannan fifiko, mutane da yawa kuma suna tsallake shi cikin rashin sani. Fifikon ma ba lamuni ba ne, domin idan jingina ta cinye dukiyar, na bakwai ba zai tarar da komai ba.

Shi ya sa nake ganin katinka ya fi kotu saurin amfani. Ka kira bankin da ya ba ka katin ka ce ka biya kuɗin aikin da ba a yi ba. Dokar tarayya ta ambaci kwana 60 daga fitowar takardar lissafi, amma ƙa'idojin kamfanonin kati sukan ba da lokaci fiye da haka idan aikin na nan gaba ne, don haka kada ka yanke wa kanka hukuncin cewa ka makara.

Abin da ke karya irin waɗannan kamfanoni ba ɗaya ba ne. Wasu buɗe rassa da bashi ne, suna amfani da kuɗin da majinyatan bana suka biya a gaba suna toshe ramin bara. Wasu kuma shari'a ce. Wani kamfani daban, NuMale, mai asibitocin lafiyar maza, an yanke masa diyyar dala miliyan 412 a jihar New Mexico a Nuwamban 2024 kan cutar da wani majinyaci, a farkon 2025 kuma ya shiga Babi na 11 a Nevada. Abin da ke ci mini rai a duk irin wannan shi ne, majinyacin da ya biya kuɗin shekara ya zama mai ba kamfani rance ba tare da jingina ba, kuma babu wanda ya gaya masa haka ranar da ake yi masa tallar rangwame.

Barista, Kaduna

Malam Akanta, bayaninka ya gamsar, amma akwai mutum guda da ka bari a baya, wanda a ganina ya fi fom 410 amfani ga wannan baiwar Allah. Tun gyaran dokar da aka yi a 2005, idan mai karayar arzikin wurin kula da lafiya ne, sashe na 333 ya ce kotu ta ba da umarnin naɗa mai sa ido kan halin majinyata cikin kwana 30, sai fa idan ta gamsu cewa babu buƙata. Aikinsa ya duba yadda ake kula da su, ya riƙa kai wa kotu rahoto. Idan an naɗa shi, sunansa yana cikin takardun shari'ar, kuma shi ne ya dace a kai wa kuka idan fayil ya maƙale. Sashe na 351 kuma ya hana a lalata fayilolin majinyata sai bayan an yi sanarwa an jira kwana 365.

Ban kuma yarda gaba ɗaya cewa Babi na 11 wata dabara ce ta cin haƙƙin mutane ba, kamar yadda ƙarshen maganarka zai iya sa mai karatu ya ɗauka. Asibitin da aka bari yana numfashi yana iya cika wa majinyata alkawari, wanda aka yi gwanjon kujerunsa kuwa ba zai iya ba. Mu ma a Najeriya sai da dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 ta zo aka samu hanyar naɗa mai riƙon kamfani domin ceto shi, da hanyar yin sulhu da masu bin bashi a kan tsarin biya. Asalin tunanin ma ba baƙo ba ne a wurinmu: aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, malaman fiƙihu kuma sun yi bayanin yadda ake raba dukiyar wanda ya karye tsakanin masu bin sa, kowa gwargwadon bashinsa.

Baban Khadija, ka bincika ko kamfanin ya roƙi kotu izinin ci gaba da cika alkawuran da ya yi wa majinyata kafin shari'a, domin yana daga abubuwan da ake yawan nema a kwanakin farko. Idan an ba shi, wani reshe da ke buɗe zai iya yi mata dashen. Amma idan banki ya mayar maka da kuɗi, dole ka gyara abin da ka rubuta wa kotu, kada ka karɓa sau biyu.

Baban Khadija, jihar Ohio

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na kira banki sun buɗe mini ƙorafi, sun ce in aiko da yarjejeniyar da wasiƙar kotu. Mun kuma rubuta neman fayil, likitan mata ya ba ta rana nan da kwana 19. Barista, na tarar reshensu mafi kusa da ke buɗe tafiyar awa uku ce a mota, ita kuma ta ce ko da kotu ta ba su izini, ta fi son ta fara jin abin da likitan zai ce game da na mannawa a fata. Fom ɗin yana gabana yanzu, Malam Akanta, kuma na ga gurbin fifikon da ka ambata.