Mai ɗaukar bidiyo a gaban soja, wa ya tsaya masa?

Zauren 'yan Zongon Kumasi, bayan isha'i

Ɗan Aboabo: Jama'a, ku raba mu gardama. Jiya a teburin mai shayi a Alabar wani ya dage wai duk wanda ke ɗaukar bidiyon ta'asar soja a ƙasar da aka mamaye, dokar duniya ta tsaya masa. Ni na ce zancen takarda ne. Rachel Corrie 'yar fafutuka ce daga Amurka, shekarunta 23, buldozar sojan Isra'ila ta take ta a Rafah, zirin Gaza, cikin Maris 2003. Iyayenta suka shigar da ƙara, kotun Haifa a Isra'ila ta kore ta a 2012. Ina dokar?

Lauya: Ƙanena, dokar tana nan. Yarjejeniyar Janeba ta huɗu, ta 1949, don fararen hula aka yi ta, har da na ƙarƙashin mamaya. Ƙarin da aka yi a 1977, sashe na 79, ya ce ɗan jarida farar hula ne. Mai fafutuka da wayarsa ma haka, muddin bai shiga faɗan ba. Harbinsa da gangan laifin yaƙi ne.

Ɗan Aboabo: Yaya, ai Isra'ila ba ta shiga wancan ƙarin na 1977 ba.

Lauya: Gaskiyarka. Amma hana kashe farar hula ya hau kan kowa, ko ka sa hannu ko ba ka sa ba.

Kawu tsohon soja: Yara, ku saurara. Na yi aiki a kudancin Lebanon da bataliyar Gana, da shuɗiyar hulata ta sojan Majalisar Ɗinkin Duniya. An ba kowannenmu ɗan kati na ƙa'idojin buɗe wuta, yana aljihun gaba har gumi ya cinye rubutun. Yaron da ke tsaye a shinge da bindiga, rana na dukansa, ba Janeba yake tunawa ba. Abin da ke sanyaya masa yatsa shi ne sanin cewa gobe kwamanda zai titsiye shi. In ya san ba mai tambaya, shi ke nan.

Malama: Kawu, Allah ya ƙara girma, shi ya sa bidiyon yake da daraja. A Hebron, Yammacin Kogin Jodan, Maris 2016, wani Bafalasɗine mai aikin sa kai da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta B'Tselem ya ɗauki sojan Isra'ila Elor Azaria yana harbin mutumin da ke kwance da rauni. Da ba wannan hoton, wa zai kai shi kotu?

Ɗan Aboabo: Aka yanke masa wata 18, ya fito bayan wata tara. Malama, ɓarawon akuya a nan ya fi shi shan wuya. Shi kuwa mai ɗaukar hoton barazanar kisa ya samu.

Malama: Ban ce an yi adalci ba. Amma da babu gara ba daɗi.

Lauya: Inda raunin yake, bari in faɗa da bakina: sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya kan masu kare haƙƙin ɗan Adam, ta 1998, zamanin ɗan garinmu Kofi Annan, ba ta tilasta wa kowa. Sai ƙasa ta mayar da ita dokarta, kamar yadda maƙwabciyarmu Kwaddibuwa ta yi a 2014. To wanda ya mamaye ka ne zai rubuta maka dokar kare ka?

Kawu tsohon soja: Ku bar ma mamaya. Ɗan jarida Ahmed Hussein-Suale a Madina aka harbe shi, cikin Akra, Janairun 2019, ba yaƙi ba komai.

Malama: Allah ya jiƙansa.

Lauya: Amin. Abu ɗaya dai ga masu ɗauka: a ajiye asalin bidiyon. Wanda ya zagaya ta WhatsApp bayanan lokaci da wuri sun goge, lauyan soja zai ce haɗawa aka yi.

Ɗan Aboabo: Ka ga ni ba? Bidiyon ake wa tanadi, ba mai shi ba. Yaya, har yanzu ba ka nuna mini wanda dokar ta tare wa harsashi ba.

Lauya: Wuta ta ɗauke, batirina saura 4. Da safe.