Kwas a kan waƙa, fim da wasannin Amurka: karatu ne ko ɓarnar kuɗi?

Uban Ɗaliba:
Assalamu alaikum. 'Yata tana shekara ta biyu a wata jami'a a Amurka, inda take karanta kimiyyar siyasa. A zangon da ke tafe ta zaɓi wani kwas da malamai uku za su koyar tare, ɗaya daga sashen tarihi, ɗaya daga sashen kiɗa, ɗaya kuma masanin zamantakewa, a kan al'adun gama-gari na Amurka da yadda mutanen ƙasar suke kallon kansu. Da ta turo mini jadawalin na ga mako guda na waƙar hip-hop ne, wani na fina-finan Hollywood, wani na dambe, kuma wajibi ne ɗalibi ya halarci laccocin baƙin masana. Hankalina bai kwanta ba, domin kuɗin makarantar ba ƙarami ba ne. Ina roƙon waɗanda suka san harkar su faɗa mini gaskiya: akwai ilimi a cikin wannan?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Damuwarka tana kan hanya, amma fannin ba na jiya ba ne. Jami'ar Harvard ta buɗe shirin digirin digirgir a kan tarihin wayewar Amurka tun 1937, an kafa ƙungiyar masana nazarin Amurka a 1951, sannan a 1973 Ray Browne ya kafa sashe sukutum na al'adun gama-gari a Jami'ar Bowling Green da ke jihar Ohio, a lokacin da malamai da yawa suke ganin abin ƙasƙanci ne ga jami'a. Batun asali da launin fata kuwa da gwagwarmaya ya shiga aji: ɗaliban kwalejin San Francisco sun yi yajin karatu na kusan wata biyar, daga Nuwamban 1968 zuwa Maris na 1969, kafin a amince da kafa tsangayar nazarin ƙabilu.

Ga misalin da nake ba ɗalibaina. Wajen 1830 wani farar fata mai suna Thomas Rice ya riƙa shafa baƙi a fuska, ya sa tsumma, ya hau dandamali yana kwaikwayon bawa cikin raini, da sunan Jim Crow. 'Yan kallo suka yi ta tururuwa, wasan ya bazu a ƙasar. Bayan shekaru da dama, da jihohin kudu suka kafa dokokin da suka raba baƙi da farare a makaranta da jirgin ƙasa da wurin shan ruwa, sunan wannan wasan ne ya bi dokokin, kuma ba a rushe su ba sai da dokar 'yancin jama'a ta 1964 da ta zaɓe ta 1965. Wanda ya karanta dokokin kaɗai, bai san abin da ya riƙa ba jama'a dariya ba, ba zai gane yadda zukata suka saba da wulaƙancin tun kafin majalisa ta rubuta shi ba. Ga mai karanta siyasa, wannan tsakiyar fanninta ne.

Tsohuwar Ɗaliba:
Baba, ni na yi irin wannan kwas, kuma makon hip-hop da ya tayar maka da hankali shi ya fi ba ni wuya. Ranar farko ba a kunna mana waƙa ba. Malamar ta shimfiɗa taswirar unguwar Bronx ta birnin New York a kan tebur, ta bi da yatsa a kan babbar hanyar mota da Robert Moses, jami'in tsara gine-ginen birnin, ya keta ta tsakiyar unguwar, wadda ta tashi dubban mutane daga gidajensu. Daga nan muka karanta yadda masana'antu suka ƙaura, masu gidajen haya suka yi watsi da su, gobara ta yawaita, birnin kuma ya kusa tsiyacewa a 1975. Sai a rana ta biyu malamin kiɗa ya kawo na'urar faifai biyu, ya nuna mana yadda DJ Kool Herc, haifaffen Jamaika, ya riƙa maimaita gaɓar ganga daga faifai biyu iri ɗaya a wani biki a unguwar a watan Agustan 1973, wanda ake ɗauka mafarin hip-hop. Takardar da na rubuta daga baya sai da na nemo mata alƙaluman ƙidayar jama'a da tsofaffin jaridu.

Injiniya a Chicago:
Ban ƙi abin da Malam da ƙanwata suka faɗa ba, sai dai ba kowane kwas ne yake kai wannan matsayi ba. Idan malamai uku suka haɗu ba tare da tsari ba, kowa ya zo ya yi nasa ya tafi, ɗalibi yakan fita ya taɓa komai bai riƙe komai ba. Alhaji ya tambaye ta nawa ake karantawa a mako, wane ne yake duba takardun, kuma ko kwas ɗin yana cikin waɗanda ake lissafa mata wajen kammala digiri.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. Muhawarar asali a can an gina ta ne a kan tarihin bauta da launin fata na Amurka, saboda haka yarinyar da ta tashi tana sanin kanta da garinsu da harshenta da addininta, tana sauka sai ta ga an taƙaita ta a kalma ɗaya, baƙar fata. Malami nagari yakan buɗe wannan ƙofa a tattauna, ya kawo misalin Muhammad Ali, wanda a 1964 ya bar sunan Cassius Clay, ya kuma ziyarci Gana da Nijeriya da Masar a wannan shekarar, a tambayi abin da ya zo nema da abin da masu tarbarsa suka gani a tare da shi. Wani malamin kuwa ba ya ko lura da cewa akwai 'yar Afirka a ajin.

Uban Ɗaliba:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Na yi magana da ita a daren jiya, ta tabbatar mini cewa ana lissafa kwas ɗin a digirinta, kuma takardar bincike mai shafi goma sha biyar ce a madadin jarrabawa. Na ce ta nemi ganin malamin tarihin kwas ɗin kafin a rufe rajista, ta yi masa tambaya kan batun asali da Injiniya ya kawo a ƙarshe, sannan ta sanar da ni amsar da ya bayar.