Bak aksil na tifa yana kuka bayan sabis, a taimaka

Salam ogogi na, don Allah ku duba min wannan matsala, kwana uku ke nan ta hana ni barci. Tifa ce mai taya goma, yashi take ɗauka daga rafi, direban ya kawo ta gareji wai aksil na baya yana yoyon mai. Da na kwance filogin tsiyaye mai na tarar da burbushin ƙarfe ya manne a jikin maganaɗisun, man kuma ya yi fari-fari kamar ruwa ya shiga ciki.

Na sauke difarenshal ɗin (giyoyin cikin aksil da ke raba juyi ga tayoyi) gaba ɗaya na wanke komai da kananzir, boris ban taɓa su da ruwa ba kuma ban juya su da iskar kwamfiresa ba don maigidana tun ina yaron gareji ya hana mu wannan, na goge da tsumma mai tsabta na shafa mai kafin na mayar. Ƙofar shan iskar aksil ɗin ta toshe da laka, na buɗe ta, na canza oyil sil (robar da ke tare mai), na zuba man giya mai lamba 85W-140.

Yoyo ya tsaya, amma yanzu da direba ya ɗaga ƙafa daga totur sai ka ji wuuu. Haƙora biyu na finiyan (ƙaramar giyar difarenshal) tun lokacin wankin na ga ɗan tabo a jikinsu kamar cin zago, na ce ba komai. Shin su ne, ko shim (siririn ƙarfen daidaita tazara) na sa ba daidai ba? Kuma in canji ne dole sai tare da kirawun wil (babbar giyar da finiyan ke juyawa)? Mai motar ya matsa min wallahi.