Wa ke da mallakar dabarar nan ta ɗauke hasken sikirin idan ka kai waya kunne?

MaiGyaranWaya_Kano:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilimin shari'a da na fasaha ku taimaka min da wata tambaya. Kusan kowace waya yanzu, daga iPhone har 'yan ƙananan Android ɗin nan masu araha, in ka kai ta kunne haske zai ɗauke, in ka karkata ta hoto ya juya, in ka shiga duhu hasken ya ragu da kansa. Mu da muke buɗe wayoyin mun san 'yan sensa ne suke wannan aikin, na kunnen yana can sama gefen sifika, in ka canza sikirin ba ka zaunar da 'yar robarsa daidai ba gobe mai waya zai dawo yana cewa kumatunsa na katse masa kira. To wa ke da mallakar wannan dabarar? Don na ji an ce an taɓa hana Apple sayar da agogonta a Amurka saboda sensa ɗaya tak, to ya aka yi kowa ke saka na kunne ba wanda ya maka wani a kotu, ko dai biya suke a ɓoye?

Dalilin tambayar, ni da ƙanina da ke karanta kwamfuta muna son haɗa manhaja wadda in mutum ya girgiza waya sau uku za ta tura saƙo da inda yake ga 'yan'uwansa, saboda halin da hanyoyinmu suke ciki. Za a iya kai mu ƙara? Kuma mu ma za mu iya yi mata rajista kar wani ya kwashe?

Injiniya_Zazzau:

Wa alaikumus salam Malam. Ai an je shari'a, kuma a kan na kunnen nan da ka fara ambata ma. Motorola na da takardar mallakar ƙirƙira, wato fatent, da aka ba su a Amurka a 2001, a kan sensar da ke gane cewa waya ta kusanci fuska sai sikirin ya daina karɓar taɓi. A 2010 suka kai Apple gaban ITC, hukumar kasuwancin ƙasa da ƙasa ta Amurka. Ita wannan hukumar ba ta yanke diyya amma tana da ikon hana shigo da kaya, kuma tunda ba a Amurka ake haɗa iPhone ba ka ga hana shigowa daidai yake da rufe musu kasuwa gaba ɗaya, shi ya sa kamfanoni ke son zuwa can. Ana cikin wannan rigimar Google ta saye Motorola Mobility kan dala biliyan 12.5, kuma tulin fatent ɗin Motorola na cikin manyan abin da ya ja ta. A watan Afrilun 2013 ITC ta ce takardar ba ta da inganci, wai duk wanda ya san aikin zai iya haɗa dabarar daga abubuwan da aka riga aka sani kafin ta. A 2014 Apple da Google suka janye duk ƙararrakin da ke tsakaninsu. Kuma ko da ta tsira a lokacin, wa'adin fatent shekara 20 ne daga ranar da aka shigar da buƙata, wadda aka bayar tun 2001 ka ga ta daɗe da ƙarewa.

Sannan ka raba abu biyu. Akwai ita kanta sensar, akwai kuma abin da manhaja ke yi da lambobin da take fitarwa. Ta kunnen 'yar fitila ce mai fitar da hasken da ido ba ya gani, gefenta akwai mai karɓa, in hasken ya bugi kumatu ya dawo da ƙarfi sai a ce an kusa, shi ya sa robar nan da ka ce take da muhimmanci, ita ke raba su kar hasken ya tsallaka kai tsaye ta cikin gilashi. Ta motsi kuma wani ɗan nauyi ne mitsitsi da aka sassaƙa a cikin silikon yana lilo, in waya ta motsa tazarar da ke tsakaninsa da gefe ta canza sai a auna. Irin su Bosch da STMicroelectronics da InvenSense ne ke ƙera su, masu haɗa waya saya kawai suke, kuma haƙƙin mai ƙirar yana cikin kuɗin da suka biya. Yawanci rigimar a mataki na biyu take tashi, wa ya fara cewa in lamba kaza ta fito a kashe sikirin ko a juya hoto.

Batun biya a ɓoye kuwa, eh ana biya sosai, lasisi ake kira, amma babban kuɗin a fasahar sadarwa yake irin su 4G da 5G. Ko Transsion, uwar Tecno da Infinix da itel, Qualcomm, kamfanin Amurka mai fasahar sadarwar waya, ta kai ta kotu a Delhi ta Indiya a 2024.

Dan_Sabongari:

Ni dai wallahi gani nake duk wannan abin danniya ce ta manya. Ku duba Apple da Samsung, daga 2011 har 2018 ana abu ɗaya, a 2012 aka ce Samsung ta biya sama da dala biliyan ɗaya, aka yi ta ɗaukaka ƙara har kotun ƙoli, a 2018 aka dawo miliyan 539, ƙarshe suka sasanta ba wanda ya san nawa aka biya. Kuma cikin abin da ake faɗa a kai har da ɗan tsallen nan da shafi ke yi ya dawo in ka ja shi ya kai ƙarshe, sai da Samsung ta cire shi ta maye da wani shuɗin haske a bakin sikirin. Haba jama'a, a kan wannan za a kashe shekara bakwai? Kuɗin lauyoyin nan duk a kan mai sayen waya yake ƙarewa, kuma ƙaramin mai ƙirƙira irin Malam da ƙaninsa ina zai samu abin da zai tsaya da su.

Hajiya_Nas:

Dan_Sabongari na fahimce ka amma ba ko'ina maganarka ta hau ba. Batun agogon da mai tambaya ya kawo ma ya nuna akasin haka. Masimo kamfani ne na kayan asibiti a Kalifoniya, suna cikin manyan masu yin 'yar na'urar nan da muke maƙala wa majinyaci a yatsa ta nuna yawan iskar oksijin a jini, haske take harbawa cikin fata ta auna yadda jini ya shanye shi. Mu da muke aiki da ita mun san wahalar ba kunna fitilar ba ce, wahalar ita ce samun lamba ta gaskiya in majinyaci na motsi ko hannunsa ya yi sanyi, kuma a nan suka yi suna. Sun yi zargin Apple ta zauna da su, daga baya ta kwashe musu ma'aikata ta fito da abin a agogonta. A Oktoban 2023 ITC ta ba su gaskiya, gwamnatin Biden tana da kwana 60 ta soke hukuncin ba ta soke ba, a Disamba aka dakatar da sayar da agogunan Series 9 da Ultra 2 a Amurka, daga Janairun 2024 kuma Apple ta koma sayar da su an kashe aunin oksijin ɗin. Sensar tana nan a bayan agogon ba a cire ba, ta manhaja aka rufe ta. Sai a Agustan 2025 suka dawo da shi ta wata hanya, agogo ya ɗauki bayanan amma iPhone ce ke yin lissafin.

To ka gaya min in ba don wannan takardar ba, me zai sa kamfani kamar Apple ya saurari Masimo? Ni ina ganin wanda ya ɓata shekaru yana bincike ya cancanci a kare shi. Inda na yarda da kai shi ne tsadar shari'ar, wannan kam ta fi ƙarfin talaka.

YarLauya:

Malam mai tambaya bari in zo kan naku. Na farko, ba a mallakar tunani tsurarsa. Fatent kamar takardar fili ce, ba ta ce duk unguwar taka ce ba, iyakoki ne aka zana daga nan zuwa nan, kuma a ƙarshen takardar ake jero su ɗaya bayan ɗaya, su alƙali ke dubawa. Wanda ya bi ta wata hanya ya cimma abu ɗaya bai shiga maka ba, shi ne abin da Apple ta nemi yi da ta mayar da lissafin cikin waya. Akwai wani kamfani iLife da ya kai Nintendo ƙara kan sensar motsi ta rimot ɗin Wii, na'urarsu ta wasan bidiyo, a 2017 aka ba su kusan dala miliyan 10, a 2020 alƙaliya ta rushe hukuncin ta ce abin da suka rubuta bai wuce tattara bayanan motsi a sarrafa su a aika ba, wannan kuma tunani ne kawai. Tun hukuncin kotun ƙolin Amurka na 2014 a shari'ar Alice, wanda ya ce ɗora tunani tsura a kan kwamfuta bai isa a ba shi fatent ba, irin waɗannan takardun suke ta faɗuwa.

Na biyu, fatent ba ta tsallaka iyakar ƙasa. Ta Amurka a Amurka take aiki, shi ya sa agogon da aka sayar a wasu ƙasashe ba a taɓa musu aunin oksijin ba. In wani bai yi rajista a Najeriya ba, ba shi da abin da zai kai ku Babbar Kotun Tarayya da shi, sai dai ku lura in kuka ɗora manhajar ta shiga kasuwar wasu ƙasashe to dokarsu ta hau kanku a can.

Na uku, rajistarku. Dokarmu ta 1970 ce, ofishin rajista yana Abuja ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci, kuma sharaɗi uku ne: abin ya zama sabo, ya zama akwai hikimar ƙirƙira a ciki, kuma a iya amfani da shi a masana'anta. Amma ku sani ofishin cikar takardu kawai yake dubawa, ba ya bincike ko abin sabo ne da gaske, dokar ma ta ce ana bayarwa ne ba tare da tabbacin inganci ba, don haka za ka iya riƙe satifiket a hannu ranar da aka je kotu ya rushe. Gaskiyar da zan gaya muku, girgiza waya ta yi wani aiki tsohon abu ne, iPhone na da girgiza a goge rubutu tun 2009, wayoyin Motorola ma ka sara su sau biyu tocila ta kama. In akwai sabon abu a naku zai kasance ne a yadda kuka bambance girgizar neman ɗauki da girgizar mota a hanya mai ramuka, in kun samo wannan to kar ku wallafa shi ko'ina kafin ku shigar da takarda, don bayyana shi na kashe sabuntarsa. Shi kuwa kod ɗin da ƙaninka zai rubuta, dokar haƙƙin mallaka ta kare shi tun daga lokacin da ya rubuta, sunan manhajar kuma ku yi masa rajistar tambarin kasuwanci.

Ba_Maradi:

Ƙarin bayani Hajiya lauya, mu nan Nijar muna cikin OAPI, ƙungiyar rajistar fatent ta wasu ƙasashen Afirka mai hedikwata a Yawunde, takarda ɗaya ta rufe ƙasashe 17 har da Kamaru da Cadi. Gana tana ARIPO, wata ƙungiyar irinta. Najeriya ba mamba ba ce a ko ɗaya, to in suna son kariya a wajenmu sai sun shigar daban.

MaiGyaranWaya_Kano:

Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Injiniya saura ɗaya, akwai wayoyin da nake buɗewa ba na ganin sensar kunne kwata-kwata amma hasken na ɗaukewa, kuma su aka fi kawo ƙorafi a kansu. Gudun fatent ne ya sa suka cire?

Injiniya_Zazzau:

A'a Malam, wuri da kuɗi ne. Da aka fara cinye bakin sikirin sai wurin zaman fitilar ya ɓace, sai aka koma yi da manhaja. Akwai kamfanin Elliptic Labs na Norwe, nasu sifika ce ke fitar da sautin da kunne ba ya ji, makirfo ya saurari dawowarsa, Xiaomi ta saka shi a Mi Mix tun 2016, kuma su ma lasisi suke sayarwa, ka ga ba a guje wa biya ba, mai karɓa ne ya canza. Wasu kuma da sensar motsi da taɓin sikirin suke kintata, shi ya sa in mutum na kwance yana waya sai ta rikice. Ka gaya wa ƙaninka ya gina manhajar a kan sensar motsi kaɗai, don wayoyi masu araha da yawa ba su da jairoskof, wato sensar da ke auna juyawar waya, sannan ya shiga Google Patents kyauta ne ya nemo abin da aka riga aka yi kan girgiza da neman ɗauki, ya karanta jerin iyakokin da ke ƙarshen kowace takarda kafin ku kashe ko sisi wajen rajista.