Ƙauna a rayuwar Kirista: abin da 'yan'uwa suka faɗa

Ga abin da na tattara daga tattaunawarmu.

1. Kowa ya yarda ƙauna ce tushe. An yi ta kawo Matiyu 22, inda Yesu ya ce Shari'a da annabawa duk sun rataya ne a kan ƙaunar Allah da ƙaunar maƙwabci.

2. Ƙauna aiki ce. Wata uwa ta ba da misalin zumuntar mata: in an yi rasuwa, su ke zuwa da itace da garin masara, su kwana a gidan, su wanke tukwane. Ni kam wannan ya taɓa ni.

3. A fara daga gida, kafin coci.

4. Mai ƙauna yana tsawatawa, amma a keɓe tukuna (Matiyu 18:15).

5. An rabu a kan ƙaunar maƙiyi. Wasu sun ce gafara ba ta jiran tuba. Waɗanda rikici ya cinye musu dangi kuwa sun ce a yafe, amma hukuma ta yi hukunci, kuma kada a matsa wa mai makoki ya yafe da wuri. Ba a daidaita a nan ba.