An hana ƙanena aikin koyarwa saboda naƙasa: wace doka ce ta kare shi?

Yaya Babba:
Assalamu alaikum. Ƙanena ya kamu da shan inna tun yana yaro, da sanduna biyu yake tafiya, kuma yana da takardar shaidar malanta. Wata makaranta mai zaman kanta ta gwada shi ya ci, amma ranar karɓar takardar kama aiki shugaban ya dubi sandunansa ya ce azuzuwansu a saman bene suke, iyayen yara ma ba za su so ba. Abin ya tsaya mini a rai. Shin sashe na 42 na tsarin mulki ya isa mu kai ƙara?

Barista:
Wa'alaikumussalam, Hajiya. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila, asali, jinsi, addini ko ra'ayin siyasa, sai dai bai ambaci naƙasa da sunanta ba, kuma lafazinsa ya fi karkata ga dokoki da ayyukan gwamnati. Makamin da ya fi dacewa da ku shi ne dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2019, domin ita ta hau kan kowane mutum da kowace cibiya. Hukuncinta tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum, naira miliyan ɗaya ga kamfani, kuma hakan bai hana wanda aka zalunta neman diyya ba. A ganina tarar ta yi kaɗan ƙwarai, amma uzurin bene ba hujja ba ne, tunda wa'adin shekara biyar da dokar ta bayar na gyara gine-gine ya riga ya wuce.

Malam Na-Gwale:
Hajiya, kotu da shaida take aiki. Ku adana saƙon gayyata da sakamakon gwajin, ku nemi wanda ya ji maganar da kunnensa, domin gobe za a iya cewa gurbin ne ya cika.

Barista:
Gaskiya ne, Malam. Wariya a harkar aiki hurumin Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce, kuma tana zama a Kano. Kafin nan ku rubuta koke ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, ba a biyan ko kwabo.