Neman shawara: na yi darasi kan sawun intanet, uban yarinya ya kai ƙarata

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. Don Allah ku taimaka mini da shawara, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Ina koyar da kwamfuta a wata makarantar kuɗi ta 'yan mata a wajen Mabera, cikin Sakkwato. Asali lissafi na karanta, kwamfutar ɗora mini ita aka yi bayan malamin da ke koyarwa ya koma Birnin Kebbi, kuma har yau guda huɗu ne ke aiki cikin goma sha biyu, in babu wuta sai an yi ta roƙo kafin a tada janareta, data ma sau da yawa da kuɗina nake saye. Ina dai son ku san yanayin da nake aiki.

Zangon da ya wuce wasu 'yan aji biyar suka ɗauki bidiyo da kayan makaranta a jikinsu suna kwaikwayon tafiyar wata malama, suka ɗora a TikTok. Washegari suka goge, amma an riga an sauke shi, ya yi ta yawo a WhatsApp har ya kai gidan da ke neman auren ɗayarsu. Shugabar makaranta ta ce in shirya musu darasi kan sawun da mutum ke bari a intanet. Mako biyu ina bayani, ina ce musu magana zarar bunu ce, ido kawai suke zuba mini. Wata ma ta ce ai status awa 24 yake yi ya ɓace. To ranar Talata sai na haɗa kwamfutata da majigi, na rubuta sunan ɗaya daga cikinsu a Facebook. Tsohon shafinta ya fito, wanda ta buɗe tun tana aji ɗaya ta manta kalmar sirrinsa, ga hotunanta babu mayafi, ga maganganun ƙuruciya. Aji ya kwashe da dariya, ita kuma ta fashe da kuka. Babanta ya zo ya ce na tona wa 'yarsa asiri. Ranar Litinin zan zauna gaban hukumar makaranta. In ba da haƙuri in ajiye darasin, ko in tsaya a kan cewa abin da na nuna a fili yake, kowa na iya gani?

Injiniya Arkilla:
Malama kada ki ba kowa haƙuri. Ke kika ɗora hotunan? Uban godiya ya kamata ya zo yi miki, gara a gani a aji da a gani a hannun dangin miji. Ki je zaman da hujjoji. A 2022 an kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse kan rubutu ɗaya da ya yi a Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin. A watan Yuni ya yi rubutun, sai Nuwamba aka zo aka ɗauke shi, sai da ya yi kwanaki a tsare kafin a janye ƙarar. Tun 2019 mai neman bizar Amurka sai ya rubuta sunayen shafukansa na shekara biyar baya. A 2017 jami'ar Harvard ta soke gurbin karatun ɗalibai aƙalla goma saboda abin da suka riƙa turawa a wani zauren Facebook da suka ɗauka na sirri ne. Ga dokar laifukan intanet ta 2015, sashe na 24 mai magana kan cin zarafi da barazana ta intanet, wadda aka yi wa gyara a 2024. Yaran nan ba su san ko ɗaya ba, iyayensu ma haka.

Maman Khalifa:
Sannu Malama, Allah ya kawo mafita. Tambaya ɗaya: kin nemi izinin yarinyar kafin ki rubuta sunanta? Kuma me ya sa ita?

Maman Hanifa:
Maman Khalifa ai ba wayarta na buɗe ba. Duk mai data zai iya ganin abin da na gani. Kuma na gwada lallashi bai yi ba, kin san 'yan aji biyar.

Baban Sudais:
Ni wallahi wanga al'amari ya taɓa ni. Bara anka kira ni anka ce taron tsofaffin ɗalibai za a yi ta waya, in karanto lambobi shida da sunka shigo mini. Ina karantawa WhatsApp ɗina ya fita hannuna. Kwana biyu ana roƙon kuɗi da sunana, har surukina na Tambuwal ya tura. Har yau akwai masu yi mini kallon maroƙi a masallacinmu na Runjin Sambo. Mu manya ma ba mu tsira ba bale yara. Kowa ya sa lambar tsaro ta mataki biyu a WhatsApp ɗinsa tun yau.

Hajiya Inna:
Ɗiyata, shekara talatin da ɗaya na yi ina riƙe da alli kafin in aje aiki, ki saurare ni. Niyyarki mai kyau ce amma kin yi kuskure. Abu ya kasance a fili daban, a haska shi ga bango gaban sa'o'inta arba'in daban. Yarinyar ga ba darasi ta ɗauka ba, kunya ta ɗauka, kuma sauran abin da sunka koya shi ne a nemo tsohon hoton mutum a yi mishi dariya. Ki tafi gidansu kafin Litinin, ki gana da uwarta, ki ba yarinyar haƙuri gaban ajin da anka yi mata dariya. In za ki sake darasin, sunanki za ki rubuta, ba na ɗiyan mutane ba.

Injiniya Arkilla:
Ranki ya daɗe Hajiya, zamaninku babu waya a aljihun ɗalibi. Ta ba da haƙuri gaban aji, gobe wa zai ji maganarta? Malama abin yi shi ne a rufe shafin. Ki tambayi yarinyar da wane layi ta buɗe shi. In layin na nan, za a turo lamba ta shiga ta goge, Facebook na ba da kwana 30 kafin gogewar ta tabbata. In kuwa an daɗe da yar da layin, kamfanonin waya na sake sayar da layukan da aka bari, wanda ya saya zai iya karɓe shafin da hotunan duka. Wannan ita ce barazanar, ba dariyar aji ba. Kuma 'yar aji ɗaya da wuya ta kai 13, shekarun da Facebook da TikTok suka gindaya. Ina uban yake lokacin?

Ustaz Gawon Nama:
Injiniya a yi hattara. Hadisi ya tabbata cewa wanda ya rufa asirin Musulmi Allah zai rufa nasa. Darasin ma ta nan ya kamata a ɗauko shi: yaran sun san akwai mala'iku masu rubuta abin da baki ya furta, sai a nuna musu abin da yatsa ya rubuta ma haka ne.

Abban Zahra:
Duk wannan dogon zance ne. A hana su waya, shi ke nan. Ni 'ya'yana mata babu mai riƙe waya sai ta shiga ɗakin miji.

Maman Khalifa:
Abban Zahra da wayar uwa ko ta yaya suke yi, ka bincika. Kuma rajistar JAMB sai da layin waya da lambar NIN. Ƙanwata mai shagon intanet ne ya buɗe mata imel, shi ya riƙe kalmar sirrin, da ya tashi daga shagon sai da muka sha wahala kafin ta ga bayanan gurbinta. Wannan ma sawu ne, babu mai koya musu.

Malamin Firamare:
Mu fa wa zai kare namu mutuncin? An taɓa ɗaukata ina gyangyaɗi a ofis da azumi, aka sa waƙa aka yaɗa. Babu uban da ya zo ba ni haƙuri.

Maman Hanifa:
Na gode duka. Hajiya na ji maganarki, amma da sunana na rubuta babu abin da zai fito, ni ba na ɗora hoto. Kuma ku sani tun ranar Talata yara bakwai sun same ni a ɓoye in taya su rufe tsofaffin shafukansu, abin da mako biyu na bayani bai kawo ba. Yarinyar dai ba ta zo makaranta ba tun ranar, wannan ne ke cin raina. Zuwa gidansu kuma maigidana ya ce in bari sai bayan zaman, kada a ce na amsa laifi.

Hajiya Inna:
Kwana nawa za ta yi gida kuna jiran zama?

Injiniya Arkilla:
Maigidanki ya yi daidai. Ki buga misalan da na kawo a takarda ki tafi da su.

Maman Khalifa:
Malama har yanzu ba ki faɗa mana me ya sa ita kika zaɓa ba. Tana cikin waɗanda suka yi bidiyon?